Mariya Goeppert-Mayer: lissafin da ya jira leza shekara 30

A ranar 3 ga watan Oktoba na 2023, kwamitin Nobel da ke ƙasar Suwidin ya raba kyautar fannin fizik tsakanin masana uku: Pierre Agostini, Ferenc Krausz da Anne L'Huillier. Aikin da ya jawo musu kyautar shi ne samar da walƙiyar haske mai matuƙar gajarta, ta hanyar harba leza mai ƙarfi cikin iskar gas, da kuma gano dabarar auna tsawon wannan walƙiya. Ma'aunin da ake lissafa ta da shi ana kiran sa atosakan. A raba sakan ɗaya gida miliyar, a ɗauki kashi ɗaya a sake raba shi gida miliyar, abin da ya fito shi ne atosakan. Yawan atosakan da ke cikin sakan guda ya zarce yawan sakan-sakan da suka shuɗe tun farkon sararin samaniya, wanda masana ke ƙiyasta shekarunsa a miliyar 13.8.

L'Huillier, Bafaranshiya mai koyarwa a jami'ar Lund, ita ce mace ta biyar da ta samu Nobel a fizik. Ta farkon, Marie Curie, duk wanda ya zauna a aji ya ji sunanta. Ta biyun kuwa, ko cikin ɗaliban kimiyya na Yamai da Maraɗi ba kowa zai iya kawo sunanta ba. Alhali in aka bi igiyar aikin da aka karrama a 2023 aka yi baya da ita, a hannun wannan mata za a tarar da bakin zaren, lokacin tana ɗaliba da ba ta cika shekara 24 ba.

An haifi Mariya Goeppert ranar 28 ga Yuni 1906 a garin Kattowitz, wanda a wancan zamani yake ƙarƙashin Jamus, yau kuma yana cikin Polan da sunan Katowice. Ita kaɗai iyayenta suka haifa. A 1910 mahaifinta, Friedrich Goeppert, ya samu kujerar farfesa a fannin likitancin yara a jami'ar Gotingen, iyalin suka tare can. Gidan malamai ne na asali, domin uban shi ne na shida a jere cikin zuriyarsu da ya zama farfesan jami'a. Da yake babu ɗa namiji, kan Mariya gadon ya faɗa, kuma uban bai ɓoye mata ba cewa yana son rayuwarta ta wuce zaman gida.

Hanyar dai ba a share take ba. Duk da sunan da Gotingen ta yi a ilimi, babu makarantar gwamnati a garin da ke shirya ƴan mata don jarrabawar shiga jami'a. A 1921 Mariya ta shiga wata ƙaramar makaranta mai zaman kanta da wasu mata masu fafutukar haƙƙin mata suka kafa. Ba ta kai ƙarshe ba makarantar ta rufe, a shekarun da kuɗin Jamus ya zama kamar takardar banza. Ba ta jira ba, ta tafi garin Hanoba ta zauna jarrabawar, kwatankwacin bakaloriyar da muka sani, tana da shekara 17, ta kuma ci. A 1924 ta shiga jami'ar Gotingen a fannin lissafi.

Ta zo a kan gaɓa. A shekarar da ta biyo baya, a wannan gari, Max Born da Werner Heisenberg da Pascual Jordan suka aza harsashin ilimin kwantum, wato dokokin da ke tafiyar da ƙwayar zarra, ko atam, da abin da ke cikinta. Matasan masana daga ko'ina suka riƙa tururuwa zuwa Gotingen, cikinsu har da Enrico Fermi da Robert Oppenheimer. Born, wanda abokin gidansu ne, ya gayyaci Mariya zaman tattaunawar da yake yi da ɗalibansa. Daga nan ta bar lissafi zalla ta koma fizik. Ta ɗan zauna a Kambirij ta Ingila, inda ta koyi Turanci. Mahaifinta ya rasu a 1927, uwar ta shiga ba ɗalibai hayar ɗakuna a gidan, kamar yadda iyalan malamai da dama suke yi a garin.

Dala goma-goma biyu

Don a gane abin da ta rubuta a kundin doktoranta, sai an ɗan tsaya a kan yadda haske da atam suke mu'amala.

Haske yana zuwa ne ƙwaya-ƙwaya, kowace ƙwaya ana kiran ta foton, kuma kowane launi da nauyin ƙarfin da ƙwayarsa ke ɗauke da shi. Foton na jan haske ƙarfinsa kaɗan ne, na shuɗi ya fi shi, na hasken da ya wuce shuɗi wanda ido ba ya gani ya fi duka. A cikin atam kuma, elektiron yana zaune ne a kan matakai kamar na tsani, ba ya tsayawa tsakanin mataki da mataki. In zai hau sama, dole ya samu foton da ƙarfinsa ya yi daidai da tazarar matakin. Wanda bai kai ba, wucewa zai yi abinsa kamar bai ga kowa ba. Abin da aka sani ke nan kafin 1930: foton ɗaya, tsalle ɗaya.

A ɗauka mai tebur ne da kayansa dala ashirin, ba ya ragi, ba ya bashi, ba ya karɓar rabi a ce za a ciko. Wanda ya miƙa masa dala goma, sai ya mayar masa nan take. Tambayar Mariya ita ce: in mutum biyu suka ɗora masa dala goma-goma a tafin hannu a lokaci guda, kafin ya kai ga mayar da ta farkon, yaya ke nan? Ta ɗauki nazarin da Paul Dirac ya fitar a 1927 kan haske da atam, ta tura lissafin gaba da inda aka tsaya. Amsar da ta fito ita ce cinikin yana faɗawa. Atam yana iya haɗiye foton biyu tare, ƙarfinsu ya haɗu, elektiron ya hau matakin da ɗaya daga cikinsu ba zai kai shi ba.

Sai dai lokacin da mai teburin yake riƙe da kuɗin farko gajere ne ƙwarai, bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin miliyan sau miliyar na sakan ba. Kafin foton na biyu ya dace da wannan ɗan taƙi a kan atam guda, sai hasken ya yi cunkoson da ba a taɓa gani ba. Lissafin ya nuna wani abu kuma da ya zama ginshiƙi daga baya: in aka ninka ƙarfin haske sau biyu, yiwuwar abin tana ninkuwa sau huɗu, in aka ninka sau goma, ta ninku sau ɗari. Babu fitilar da ke duniya a 1930 da za ta iya wannan aiki. Hasken rana ma, ko irin na watan Afrilu a Tawa, bai kama ƙafar abin da ake buƙata ba.

Ta kare kundin a 1930 a gaban Max Born da James Franck da Adolf Windaus. Biyu daga cikinsu suna da Nobel a lokacin, Born kuma ya samu tasa a 1954. An buga aikin a mujallar Annalen der Physik a 1931. Masana suka yaba tsabtar lissafin, sannan aka ajiye shi, tunda babu mai iya gwada shi.

Matar farfesa

Cikin masu haya a gidansu akwai wani Ba'amurke masanin shimi, Joseph Mayer, da ya zo aiki da Franck. Suka yi aure ranar 19 ga Janairu 1930, kuma a shekarar suka ƙetare teku zuwa Baltimo, inda jami'ar Johns Hopkins ta ɗauki mijin aiki.

Ita ba a ɗauke ta ba. Jami'o'in Amurka na lokacin suna da dokar hana ɗaukar miji da mata tare, wai don gudun son kai. Dokar a takarda ba ta ambaci jinsi ba, amma kowa ya san wanda ake bari a waje. Abin da aka yi mata shi ne ɗan wurin zama a sashen fizik, da ɗan ihsani don ta taimaka wa wani malami da wasiƙun Jamusanci. Mace ce da ta koyi ilimin kwantum daga bakin waɗanda suka ƙirƙiro shi, a jami'ar da masu fahimtar fannin ba su da yawa. Ta koyar da darussa, ta jagoranci ɗalibai, ta buga bincike tare da Karl Herzfeld da kuma mijinta, inda ta shigar da sabon ilimin cikin matsalolin shimi. Jami'ar ta ci moriyar duk wannan ba tare da ta sa sunanta a jerin malamanta na dindindin ba. Duk ɗan ci-ranin da ya sauka wata ƙasa da difloma a jaka, aka ce masa ya fara da abin da ya samu, ya san ɗanɗanon wannan zama.

A hutun shekarun 1931, 1932 da 1933 ta riƙa komawa Gotingen tana aiki da Born. A 1933 Hitila ya hau mulki, aka fara korar malamai masu asalin Yahudanci. Born ya bar ƙasar, Franck ya ajiye aikinsa, cibiyar da ta rene ta ta watse cikin ƴan watanni. Ita da Herzfeld suka shiga aikin tallafa wa masanan da suka gudo. A wannan shekara ta zama ƴar ƙasar Amurka, ta kuma haifi ƴarta ta fari, Marianne. Ɗanta Peter ya zo a 1938.

A 1935, daga wannan kujera marar albashin kirki, ta sake fitar da wani hasashen. Ta lissafa cewa wasu cibiyoyin atam suna iya sakin elektiron biyu a tare, abin da ke faruwa jefi-jefi ƙwarai har sai an jira shekarun da suka ninka shekarun duniya sau da yawa kafin rabin atam ɗin su yi hakan. Wannan kuwa ba ta ga tabbacinsa na kai tsaye da idonta ba. Sai a 1987 ƙungiyar Michael Moe a Kaliforniya ta gan shi kai tsaye a ɗakin gwaji, a sinadarin seleniyom.

Ƙarshen zamansu a Baltimo bai yi daɗi ba. Jami'ar ta sallami Joseph, shi kuma ya yi imanin cewa kasancewar matarsa a ɗakin gwaji na cikin abin da ya tsone wa wasu shugabanni ido. A 1939 suka koma Niyok, jami'ar Kolombiya ta ɗauke shi. Mariya aka ba ta ofis, babu ko sisi. Littafin da suka rubuta tare, Statistical Mechanics, ya fito a 1940, ya daɗe ana karantar da shi. A Kolombiya ta ƙulla abota da Harold Urey da Fermi, wanda ya baro Italiya. Fermi ya roƙe ta ta lissafa yadda sinadaran da suka fi uraniyom nauyi za su kasance, tun ba a gano yawancinsu ba, kuma abin da ta hango ya zo daidai.

Aikin koyarwa na farko da aka biya ta a matsayin malama ta same shi ne a Disamba 1941, a kwalejin Sarah Lawrence, shi ma na rabin lokaci. Shekara 11 ke nan bayan doktora. Da Amurka ta shiga yaƙin duniya na biyu, sai ga shi an tuna da ita. A 1942 ta shiga shirin ƙera bam ɗin nukiliya, a ƙarƙashin Urey, inda aka sa ta binciken ko za a iya amfani da haske a ware nau'in uraniyom mai fashewa daga sauran. Hanyar ba ta yi aiki ba a lokacin, saboda dalilin da ya hana gwada kundinta: babu hasken da ya dace. Bayan zuwan leza aka sake waiwayar dabarar. A 1945 ta yi ƴan watanni a Los Alamos tare da Edward Teller, tana lissafin yadda haske ke ratsa abu a zafi mai tsanani, aikin da ya shafi bam mafi girma da ake shirin yi. Wannan ɓangare na tarihinta ba abin da za a lulluɓe ba ne. Hannunta yana cikin aikin da ya kai ga makaman da duniya ke tsoro har yau, kamar na yawancin abokan karatunta na Gotingen da suka tsallaka Amurka.

Lambobi bakwai

A 1946 suka koma Shikago. Nan ma mijin ne farfesa, ita kuma aka ba ta muƙamin mataimakiyar farfesa ta sa kai, wato suna ba kuɗi. Abin da ya cece ta shi ne sabuwar cibiyar bincike ta Argonne da aka buɗe a Yulin shekarar, inda tsohon ɗalibinta Robert Sachs yake shugabantar sashen nazari. Ya ɗauke ta aikin rabin lokaci da albashi. Fannin cibiyar atam ba nata ba ne, tana da shekara 40 ta fara koyon sa.

Teller ya jawo ta cikin bincike kan asalin sinadarai, aikin da ya sa ta zauna tana jera alƙaluma: wane sinadari ne ya fi yawa a duniya, wanne ne ya fi daɗewa bai lalace ba. Cibiyar atam ta ƙunshi ƙwayoyi iri biyu, furoton da nutiron. Tana cikin jerawa ta lura da wasu lambobi da ke ta maimaita kansu: 2, 8, 20, 28, 50, 82 da 126. Duk cibiyar da yawan furoton ko nutiron ɗinta ya faɗa kan ɗaya daga cikinsu, sai a same ta da ƙwari fiye da maƙwabtanta. Kuza tana da furoton 50, kuma tana da nau'i 10 da ba sa lalacewa, babu sinadarin da ya kai ta. Dalma tana da 82. Uraniyom irin wanda ake haƙowa a Arlit, in aka bar shi, yana ta rikiɗa daga wannan sinadari zuwa wancan cikin miliyoyin shekaru, kuma inda tafiyar take ƙarewa shi ne dalma. Wasu sun ɗan lura da wasu daga cikin lambobin kafin ita, amma ita ta tara hujjojin wuri guda ta buga a 1948. Eugene Wigner, wanda bai gamsu da farko ba, shi ya laƙaba musu sunan lambobin sihiri, cikin zolaya, sunan kuma ya bi su.

Manyan masana na lokacin suna kallon cibiyar atam kamar ɗigon ruwa, komai a cakuɗe. Lambobin Mariya suna nuna akasin haka: ƙwayoyin a jere suke ɓawo kan ɓawo, kamar albasar Galmi in an yanka ta, kuma duk lokacin da ɓawo ɗaya ya cika, cibiyar sai ta yi ƙwari. Wolfgang Pauli har laƙabi ya yi mata da albasa saboda wannan. Matsalar ita ce lissafi yana fitar da 2 da 8 da 20, daga nan sai ya kauce.

Wata rana tana tattaunawa da Fermi a ofis aka kira shi waya. Zai fita ya juyo ya tambaye ta ko akwai alamar cewa juyin da ƙwaya ke yi a kan kanta yana da alaƙa da kewayen da take yi. Nan take ta ga amsar. Mai karatu ya tuna katantanwar da yara ke murzawa: tana juyi a kan tsininta, tana kuma zagaya fili. In juyin da zagayen suka bi gefe ɗaya, ƙarfin ƙwayar yana sauka, in suka saɓa yana hawa. Wannan bambanci, in yana da girma, yana sake jera matakan, sai giɓin ya faɗo daidai kan 28, 50, 82 da 126. Ta kammala lissafin a ranar. Tambayar ta Fermi ce, amma shekara biyu da ta yi tana juya alƙaluman a kanta su suka sa ta gane amsar cikin mintoci. Fermi bai sa sunansa a takardar ba.

A Jamus, Hans Jensen da Otto Haxel da Hans Suess sun kai ga wannan amsa a lokaci guda, ba tare da sanin aikinta ba. Duka takardun biyu sun fito a mujallar Physical Review a 1949. Irin wannan karo yakan haifar da gabar da ba ta ƙarewa tsakanin masana. Su kuwa da suka haɗu da Jensen sai suka zama abokai, suka rubuta littafi tare, ya fito a 1955.

Jan haske ya shiga, shuɗi ya fito

A 1960 sabuwar jami'ar Kaliforniya da ke San Diyego ta ba ta kujerar cikakkiyar farfesa da cikakken albashi, ita da mijinta kowa da tasa. Shekara 30 cif bayan doktora. Ba ta daɗe da isa ba ta samu shanyewar ɓarin jiki, wadda ta raunana mata hannu ta kuma sa magana ta yi mata nauyi. Ta ci gaba da koyarwa a haka.

A wannan shekara, ranar 16 ga Mayu, a garin Malibu na jihar ta Kaliforniya, Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a duniya, wadda ya yi da dutsen yaƙutu. Hasken da aka rasa a 1930 ya samu. A 1961 Wolfgang Kaiser da Charles Garrett na ɗakunan binciken Bell suka harba jan hasken irin wannan leza cikin wani ƙarau da aka sa wa sinadarin yurofiyom. Sai ƙarau ɗin ya yi ƙyallin shuɗi. Foton ɗaya na jan haske ba shi da ƙarfin da zai haifar da shuɗi, dole biyu ne suka haɗu. Da suka ƙara ƙarfin lezar, shuɗin ya ƙaru bisa ƙa'idar ninki da ta lissafa. A 1962 Isaac Abella ya ga abin a cikin tururin sinadarin siziyom, wato a cikin gas, inda atam suke warwatse kowa shi kaɗai, kamar yadda kundin ya zana su.

Nobel ta zo a 1963, saboda aikin cibiyar atam. Rabin kyautar aka ba Wigner, ɗaya rabin ita da Jensen suka raba. Shekara 60 ke nan rabon da mace ta samu ta fizik, kuma sai da aka ƙara 55 kafin wata ta sake samu. Wata jaridar San Diyego, a kanun labarinta, ba ta kira ta farfesa ko masaniya ba, cewa ta yi wata uwa ƴar garin ta ci Nobel. Lafiyarta ta ci gaba da raguwa. Bugun zuciya ya same ta a 1971, ta rasu ranar 20 ga Fabrairu 1972 tana da shekara 65.

Yawancin abin da ya biyo baya a fannin haske ba ta gan shi ba, amma daga ƙofar da ta buɗe ya shigo. In foton biyu za su iya haɗuwa, me zai hana uku, ko bakwai, ko talatin? A 1965 a Mosko, Voronov da Delone suka fizge elektiron daga atam ɗin iskar zenon da foton bakwai a tare. A 1979 a cibiyar Saclay kusa da Paris, Agostini ya ga cewa elektiron yana iya haɗiye foton fiye da adadin da yake buƙata don ya fita. Ƙa'idar ninki ta nuna wa kowa hanyar da za a bi: a matse ƙarfin leza cikin lokaci mafi gajarta, hasken ya ƙara cunkoso. A 1985 Donna Strickland da Gérard Mourou suka gano yadda za a ƙara wa gajeriyar walƙiya ƙarfi ba tare da ta ƙone na'urar ba. Strickland ita ce macen da ta biyo bayan Mariya a 2018.

A 1987, a Saclay ɗin dai, L'Huillier da abokan aikinta suka harba lezar da haskenta ke ƙasa da ja, wanda ido ba ya gani, cikin iskar argon. Gas ɗin ya mayar da sabon haske, mai saurin kaɗawa sau 3, sau 5, sau 7, har sau 33 na wanda ya shiga, kamar tsirkiyar gurmi da ke fitar da siraran muryoyi a kan babbar muryarta. Abin mamakin shi ne da yawa daga cikinsu ƙarfinsu kusan ɗaya ne, maimakon su yi ta dusashewa. Bayanin ya fito a farkon shekarun 1990, cikin masu kawo shi har da Paul Corkum na Kanada. Lezar tana fizge elektiron daga jikin atam, ta yi nisa da shi, sai kaɗawar hasken ta juya, ta dawo da shi da gudu ya yi karo da atam ɗin da ya baro. Ƙarfin da ya tara a hanya sai ya fita a matsayin walƙiya ɗaya. Hakan na faruwa sau biyu a kowace kaɗawa ta lezar.

Lissafi ya ce walƙiyar ta atosakan ce. Amma da me za a auna ta, tunda babu agogo ko na'urar ɗaukar hoto da ta kai ta sauri? Amsar da Agostini da abokan aikinsa suka kawo a 2001 ta koma kan foton biyu. Suka tura walƙiyoyin cikin wani argon ɗin daban, tare da ɗan kaso na lezar asali. Elektiron da ke fita yana da hanya biyu ta isa mataki ɗaya: ya haɗiye foton daga ƙaramar murya ya ƙara da foton ɗaya na leza, ko ya haɗiye daga babbar muryar da ke sama ya mayar da foton ɗaya na leza. Ga mai teburinmu, wannan ya ba da kuɗi ya ciko, wancan ya ba da fiye aka ba shi canji. Da yake hanyoyin biyu wuri guda suke ƙarewa, wani lokaci suna ƙarfafa juna, wani lokaci suna kashe juna, gwargwadon jinkirin da aka sa tsakanin hasken biyu. Masanan suka riƙa sauya jinkirin kaɗan-kaɗan suna ƙirga elektiron, daga hawa da saukar adadin suka gano yadda muryoyin suke jere da juna, daga nan suka zana siffar walƙiyar. Sunan dabarar ma, RABBIT, harafinsa na ƙarshe yana nuni ne da tsallen foton biyu.

Ma'aunin da masana ke auna ƙarfin haɗiyar foton biyu da shi a yau ana rubuta shi GM, haruffan farko na sunanta. Da shi masu binciken ƙwaƙwalwa suke zaɓar rinin da za su sa a madubin ƙara girma mai aiki da foton biyu, wanda Winfried Denk da James Strickler da Watt Webb suka ƙera a jami'ar Cornell a 1990, wanda kuma yake leƙa cikin tsoka mai rai ba tare da an yanka ta ba.

Sakamakon gwajin Agostini ya nuna jerin walƙiyoyi, kowace tsawonta atosakan 250. A shekarar dai, a birnin Biyana na Ostiriya, ƙungiyar Krausz ta ware walƙiya ɗaya tilo daga iskar niyon, ta auna ta a atosakan 650.